Tambayi Mai Gyara: Baƙin Allo Ba Mutuwar Kwamfuta Ba Ne

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da kamfanin Microsoft ya janye kulawa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shagona da ke Jekadafari a nan Gombe bai rabu da masu zuwa a ɗora musu Linux ba, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin kwamfutocin hannu da muke saye ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, alhali lafiyarsu ƙalau. Sai mutum ya koma Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda duk nau'o'in Linux ne, ya ci gaba da aikinsa. To, baƙo ba ya rasa tambaya, kuma wasiƙun wannan watan kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: baƙin allon nan mai fararen rubutu, inda ake ba kwamfuta umarni da hannu. A Linux sunansa Terminal, ana buɗe shi da danna Ctrl da Alt da T tare. Ni tagar umarni nake ce masa.

Na taƙaita wasiƙun saboda fili. Duk umarnin da na rubuta, a kwafe shi yadda yake, domin Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma tazara ɗaya tana iya juya ma'ana gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, ina rubutun furojet ɗina aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuwa ya daɗe da mutuwa. Da na sake kunnawa sai baƙin allo, da kalmar initramfs a ƙasa. Na kai wa wani mai gyara ya ce sai fomat. Babi huɗu ne a ciki, ba ni da kwafi ko'ina. Ɗalibi daga Gwallameji, Bauchi.

Amsa: Ƙanena, kafin komai, kada ka bari kowa ya yi mata fomat. Wannan ƙona rumbu ne saboda ɓera. Ina da kyakkyawan zaton babinka huɗu suna nan daram.

Ga abin da ya faru. Kwamfuta ba ta rubuta komai a faifan ajiya nan take. Tana tara aiki a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi na wasu daƙiƙu, sannan ta juye. Bayan fayilolin kansu, akwai kuma littafin lissafi da take riƙewa, mai nuna wane fayil ne yake wane wuri, kamar yadda mai sito yake rubuta inda ya jibge kowane buhu. In wuta ta yanke ana tsakiyar gyara wannan littafin, sai lissafi ya ƙi daidaita. Tsarin jera fayiloli mai suna ext4 da Ubuntu yake amfani da shi tun 2009 yakan gyara kansa da kansa a mafi yawan lokuta, ba ka ma sani ba. In ruɗanin ya fi ƙarfinsa sai ya tsaya ya nemi izininka, don kada ya taɓa abin da zai jawo maka asara. Tsayuwar da ka gani ke nan.

Kunna ta, ka karanta layukan da ke sama da kalmar initramfs a natse. In ba ka ga komai ba, rubuta exit ka danna Enter, saƙon zai fito. Za ka ga wani abu kamar "The root filesystem on /dev/sda2 requires a manual fsck". Ka ga ta faɗi cutar, ta faɗi wurin, ta faɗi maganin. Sai ka rubuta:

fsck -y /dev/sda2

Ka lura da kyau, sda2 misali ne. Naka yana iya zama sda1 ko sda5, in kuma sabon faifai ne za ka ga suna irin nvme0n1p2. Wanda ta rubuta maka shi za ka kwafa, ba nawa ba. Harafin y yana nufin ka amince da duk gyaran da za ta tambaya, in ba haka ba sai ka danna sau ɗari. Rubutu zai yi ta gudu, kada ka tsorata, kuma ka tabbata ka jona ta a inda wuta ba za ta yanke ba, ko da shagon cajin waya ne mai janareta. In ka ga "FILE SYSTEM WAS MODIFIED", rubuta exit ko reboot. In akwai fayil da ya rasa mazauninsa, takan ajiye shi a wata folda mai suna lost+found.

Sharaɗi ɗaya: in kana jin faifan yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, kada ka yi fsck tukuna. Wannan faifai ne mai shirin mutuwa. A tayar da kwamfutar daga filashin Linux, wato filashin da ake ɗora Linux da shi, a kwashe kayanka zuwa wani wuri, sannan a yi maganar gyara.

Da ta tashi, kafin ka buɗe Facebook, kwafi furojet ɗin a filashi, ka kuma aika wa kanka ta imel. Sannan ka nemi batir. In abin ya sake faruwa ba tare da ɗauke wuta ba, ɗora manhajar smartmontools ka rubuta sudo smartctl -H /dev/sda, za ta gaya maka ko faifan yana da lafiya.

Bari in yi magana da abokan sana'ata a nan, domin abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Fomat ya zama mana allurar da muke yi wa kowace cuta, don yana da sauri kuma kuɗinsa a hannu. Amma wanda ya kawo maka kwamfuta ba ƙarfe ya kawo ba. Amana ya kawo: karatun shekara huɗu, lissafin shago, hoton mahaifin da ya rasu. Minti biyu na karanta abin da allo ya rubuta bai fi ƙarfin kowa ba.

Tambaya: Na kai filashina wani shagon buga takardu, da na dawo gida duk foldodina sun koma masu 'yar kibiya a gefe, wasu ma babu su. Amma kwamfuta tana nuna filashin a cike yake. Windows nake amfani da shi. Malamar firamare daga Kumo.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Cikar da kika gani ita ce albishir, domin abin da aka goge ba ya cin wuri. Wannan shi ne bairos ɗin shotkot, wanda babu shagon buga takardu daga Tashar Dukku zuwa Wunti da bai san shi ba. Ba ya goge kaya. Lulluɓe foldodinki yake yi, sannan ya ajiye na bogi masu kama da su. Kina danna na bogin, sai ya shige kwamfutarki. Don haka daga yanzu kada ki ƙara danna mai kibiya.

Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, danna Enter. Duba harafin da kwamfuta ta ba filashinki. A ce E ne. Rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Wannan umarni tsoho ne, tun zamanin MS-DOS a shekarun 1980 yake, kuma har yau yana aiki. H ɗin yana yaye lulluɓin, r yana cire hanin gyara, s na farko yana cire tambarin da ke sa Windows ya ɗauki fayil a matsayin nasa na cikin gida. Biyun ƙarshe kuma suna cewa a bi har cikin ƙananan foldodi. In kaya na da yawa zai ɗan jima shiru, ki bar shi. Wani lokaci za ki tarar da komai a cikin wata folda marar suna, ki buɗe ta. Bayan nan ki share na bogin:

del E:\*.lnk

Ki kwashe kayanki na gaskiya zuwa wani wuri, sannan a nan ne fomat yake da amfani, na filashin kaɗai. Sai dai in kin riga kin danna mai kibiya a gida, to ɓarawon yana cikin ɗaki, kuma duk filashin da kika soka zai kamu. Ki sabunta Windows Security ki sa ya bincike kwamfutar duka. Ni a shagona filashin baƙo a kan Linux nake fara buɗe shi, saboda wannan bairos ba ya aiki a can, kuma yawanci foldodin da ya ɓoye a fili suke fitowa.

Tambaya: In na rubuta umarni mai sudo, sai ta nemi kalmar sirri, amma madannai su ƙi rubutu. Sun lalace ne? Daga Bajoga.

Amsa: Lafiyarsu lau, ɗan'uwa. Shi sudo izinin mai kwamfuta yake ba umarni, shi ya sa ake neman kalmar sirri. Da gangan Ubuntu ya daɗe yana ɓoyewa, ko tauraro ba ya nunawa, don kada na tsaye a bayanka ya ƙirga yawan haruffan. Rubuta kawai ka danna Enter. Linux Mint shi yana nuna taurari. Ga kyauta: in ka rubuta dogon umarni aka ce ba ka da izini saboda ka manta sudo, rubuta sudo !! sai ta maimaita na bayan da izini. Kibiyar sama tana dawo da umarnin da ka yi a baya, maɓallin Tab yana ƙarasa maka sunan fayil, Ctrl da C kuma suna tsayar da abin da ke gudana. Shi ya sa liƙa rubutu a tagar umarni sai da Ctrl da Shift da V.

Tambaya: Ina sabunta Ubuntu sai kwamfuta ta mutu. Yanzu ba na iya ɗora komai. Wani lokaci ta ce "Could not get lock", wani lokaci ta ce "dpkg was interrupted". Ga kuma data tana ƙarewa ban san inda take zuwa ba. Mai shagon rajistar jarrabawa, Azare.

Amsa: Alhaji, matsala uku ka haɗa a buhu ɗaya, bari mu zazzage.

Saƙon kulle, wato "Could not get lock", ba cuta ba ne. Linux ba ya yarda ma'aikata biyu su shiga sito lokaci guda, don haka wanda ya fara shiga yakan kulle ƙofa. Sau da yawa mai sabuntawa na kai-tsaye ne yake aiki a ɓoye jim kaɗan bayan ka kunna, kuma saƙon yakan faɗi lambarsa da sunansa, unattended-upgr. Ka ba shi minti goma ko ashirin. Za ka ga masu ba da shawarar a goge fayil ɗin kullen. Ban yarda da wannan ba. Ɓalle ƙofa ne alhali mutum yana ciki yana jera kaya.

Na biyun kuwa, ka karanta saƙon har ƙarshe, za ka ga ya rubuta maka maganin da kansa:

sudo dpkg --configure -a

Wannan yana ƙarasa ɗaurin da wuta ta katse. In ya gama ka bi shi da sudo apt --fix-broken install, sannan sudo apt update. Abin da aka riga aka sauke bai ɓace ba, yana /var/cache/apt/archives, don haka ba za ka sake biyan kuɗinsa ba.

Maganar data ita ce ta fi damuna, don na san yadda ake samunta. Waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa da intanet marar iyaka suke zaune, mu kuwa da awo muke saye kamar man gyaɗa. Shiga saitin Wi-Fi ɗin wayarka a kwamfutar, ka kunna zaɓin da ke cewa layin na awo ne, wato Metered. Sannan ka rubuta:

sudo snap set system refresh.metered=hold

Manhajojin snap, irin su Firefox na Ubuntu, suna sabunta kansu ba sallama, wannan zai sa su dakata muddin kana kan layin awo. Amma ka riƙa sabuntawa da kanka in ka samu data mai sauƙi ta dare, don gyaran tsaro a ciki yake, kai kuma bayanan 'ya'yan mutane kake riƙe da su.

Babban fayil kuma kada ka sauke shi da burauza. Ubuntu 24.04 ya kusa gigabayit 6. Rubuta wget -c, ka bar tazara, ka liƙa adireshin. In sabis ya yanke a kashi 80, ka koma foldar nan ka maimaita umarnin, zai ɗora daga inda ya tsaya, matuƙar gidan da kake saukewa ya yarda da haka, kuma yawancinsu sun yarda.

Tambaya: Ina da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Duk sanda na fito daga Linux na shiga Windows, agogo yana baya da awa ɗaya cif. Har ya taɓa sa ni makarar azahar. Daga Pantami.

Amsa: Cif ɗin nan da ka ce shi ne ya tona asirin. A cikin kwamfuta akwai ɗan agogo mai batirinsa. Linux yana saita shi da agogon duniya, wanda ake auna shi daga Girinwic ta Ingila, sannan ya ƙara mana awa ɗaya, tunda Nijeriya tana gaba da awa ɗaya. Windows kuwa abin da ya tarar shi yake ɗauka a matsayin lokacin gida. Shiga Linux, ka tabbata agogonsa daidai yake, ka rubuta:

timedatectl set-local-rtc 1

Zai yi maka gargaɗi. Gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke matsar da agogo da rani da hunturu, mu ba ma yi. Ka koma Windows ka gyara lokaci sau ɗaya in da buƙata. In kuwa wata rana ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, wannan daban ne, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo ya ƙare. A kwamfutar tebur lambarsa CR2032, masu gyaran agogo ma suna sayarwa.

Tambaya: Ɗana, na rubuta tarihin garinmu, shafi ya fi 300. Lokacin da na fara babu haruffa masu lanƙwasa a kwamfutata, sai na riƙa sa waƙafin sama, ina rubuta k'asa da d'aki da b'arawo. Masu ɗab'i sun ce in gyara. Idona ba zai iya bi ɗaya-ɗaya ba. Tsohon malamin makaranta, Misau.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa mu ga littafin nan a hannu. Wasiƙarka ta fi kowace faranta mini rai a watan nan. Masu ɗab'in sun yi gaskiya. Tun shekarun 1930 waɗannan haruffa suka shiga rubutun boko, kuma ba ado ba ne: ƙasa daban, kasa daban, haka ƙafa da kafa. Aikin da kake jin tsoro kuwa, tagar umarni za ta gama shi kafin ka kurɓi shayi. Ka sa jikanka ya zauna kusa da kai.

Da farko a ajiye kwafin littafin a matsayin rubutu zalla, mai ƙarewa da txt, a zaɓi UTF-8 in an tambaya. A ce sunansa tarihi.txt. A buɗe tagar umarni a cikin foldar da yake, a rubuta wannan a layi ɗaya:

sed "s/k'/ƙ/g; s/K'/Ƙ/g; s/d'/ɗ/g; s/D'/Ɗ/g; s/b'/ɓ/g; s/B'/Ɓ/g" tarihi.txt > sabo.txt

Ma'anarsa: duk inda ka ga k da waƙafi, mayar da shi ƙ, haka sauran, ka zuba sakamakon a sabon fayil. Wannan sed ɗin ya girmi Linux kansa. Daga Unix aka gaje shi, na shekarun 1970, shi kuwa Linus Torvalds sai 1991 ya fara nasa aikin yana ɗalibi a Helsinki.

Yanzu ga ramukan da ke hanya. Sunan da ke bayan alamar kibiya dole ya bambanta da na asali. In aka rubuta tarihi.txt a duka biyun, kwamfuta za ta fara wofintar da fayil ɗin kafin ta karanta shi, a tashi da farar takarda. Na biyu, Word yakan mayar da miƙaƙƙen waƙafi ya zama lanƙwasasshe, ido ba ya bambantawa sosai amma kwamfuta tana yi. In an ga babu abin da ya canja, a kwafo waƙafin daga cikin littafin a liƙa shi a umarnin.

Na uku shi ne wanda sai mai harshe. Kwamfuta ba ta jin Hausa. In ka rubuta bid'a, za ta mayar da ita biɗa, ka ga malami ya tashi daga maganar addini ya koma neman abu. Kalmar ɗab'i ma da ke cikin wasiƙarka za ta lalace. Haka in ka rufe zance da waƙafi bayan kalma irin tak. Don haka kafin a gudanar da sed, a rubuta:

grep -n "[bdkBDK]'" tarihi.txt | less

Zai jero duk layukan da abin ya shafa da lambobinsu, ana sauka da kibiya, ana fita da q. In jerin ya yi tsawo, bayan gyara a nemi kalmomin da ka san ka aro daga Larabci, a mayar da su da hannu. Kalmomi irin sana'a da jama'a da 'ya'ya babu abin da zai taɓa su. Ka sani kuma rubutu zalla ba ya riƙe ado, manyan kanun babi da rubutun gicciye sai an sake su. In adon ya yi yawa, a yi wannan musanya shida a cikin Word ɗin da Ctrl da H, a kunna zaɓin bambanta babban baƙi da ƙarami.

Don gaba, Windows da Linux duka suna da madannan Hausa a saitin harshe, ƙarawa kawai ake yi. A Ubuntu kuma ko ba su, danna Ctrl da Shift da U tare, rubuta 199 ka danna Enter, ƙ zai fito. Lambar ɗ 257, ta ɓ 253. In littafin ya fito, Baba, ina roƙon kwafi ɗaya, da kuɗina.

Tambaya: Wani a zaurenmu na WhatsApp ya turo umarni mai farawa da rm -rf, ya ce yana share datti kwamfuta ta yi sauri. Na yi. Yanzu foldar hotunan aikina babu, kuma kwandon shara wayam. Mai ɗaukar hoton biki, Tudun Wada.

Amsa: Innalillahi. Ɗan'uwa, in kana karanta wannan kwamfutar tana kunne, kashe ta yanzu. Kada ka sauke komai, kada ka ɗora komai a kanta, har manhajar ceto.

Umarnin rm ba ya bi ta kwandon shara. Harafin r yana cewa a shiga folda da duk abin da ke cikinta, f kuma yana cewa kada a tambaye ni. Sai dai gogewa a wurin kwamfuta ba kankarewa ba ce. Suna take cirewa daga littafin lissafi, ta ce wurin ya zama fili. Hotunan suna kwance har sai wani sabon abu ya hau kansu. Duk mintin da ta yi a kunne tana rubuce-rubucenta, kuma kowane rubutu yana iya faɗawa kan amaryar wani.

Na san zafin nan a jikina. Shekarun baya wata baiwar Allah ta kawo mini kwamfuta cike da hotunan aikin hajjin mahaifiyarta, wadda ta riga ta rasu. Ina son share wasu tarkacen fayiloli masu ƙarewa da tmp. Maimakon rm *.tmp, yatsana ya saka tazara tsakanin tauraron da ɗigon. Tauraro shi kaɗai yana nufin komai. Ban ankara ba sai da kwamfuta ta ce ba ta ga fayil mai suna .tmp ba, lokacin ta riga ta gama da sauran. Na cire faifan nan take, na kwana biyu a kansa, na ceto mafi yawa, wasu kuwa ba su dawo ba. Na gaya mata gaskiya. Ta ce Allah ya ƙaddara, ta yafe, amma har yau in na tuna fuskarta sai gabana ya faɗi. Tun ranar ba na rubuta rm sai na fara rubuta ls da wannan sunan, in ga jerin abin da zai tafi da idona, sannan in danna kibiyar sama in canja ls zuwa rm. A kwamfutar mutane kuwa gio trash nake amfani da shi, wanda yake kai fayil kwandon shara, ko rm -i mai tambaya kafin kowane ɗaya.

Ga abin yi. A tayar da kwamfutar daga filashin Linux, ko a cire faifan a jona shi a wata. A ɗora testdisk a can da sudo apt install testdisk, a cikinsa akwai photorec. A rubuta sudo photorec, a zaɓi faifan, a zaɓi binciken filin da babu kowa, sannan a nuna masa wani faifai daban inda zai zuba abin da ya tono. Daban, ba wanda ake ceto ba. Zai iya kwana yana aiki, don haka a tanadi wuta. Hotunan za su dawo ba da sunayensu ba, ba kuma a foldodinsu ba, sai lambobi, amma kwanan watan da kyamara ta rubuta a cikin kowane hoto yana nan, da shi za ka rarrabe biki da biki.

Ba zan ɓoye maka ba: in faifanka SSD ne, wato sabon samfurin da ba ya juyawa, fatan ya ragu ƙwarai, domin shi ana umartarsa ya share filin da aka saki, kuma Ubuntu yana yin haka mako-mako. Wannan ma wani dalili ne na barinta a kashe. In tsohon faifai ne mai juyawa, akwai kyakkyawan fata. Kada kuma ka manta da katin kyamararka. Ko ka yi masa fomat a cikin kyamara, photorec yakan tono abin mamaki daga ciki, muddin ba ka cika shi da sabon aiki ba. Cire shi ka ajiye a aljihu, ka ɗauki bikin Asabar da wani katin.

Wanda ya turo umarnin, mai yiwuwa shi ma kwafowa ya yi bai sani ba. Ka koma zauren yau ka gaya musu abin da ya same ka, ka roƙi a goge saƙon kafin wani ya gwada. In abin ya gagare ka, Tudun Wada da Jekadafari ba nisa, ka zo da kwamfutar a kashe, da katin, da faifan da za a zuba. Bayan la'asar nake samun sarari.